Gwanin da Ke Komawa Gindin Aduwa Ɗaya

Wanda ya bi hanyar Damagaram zuwa Agadas a watan Afrilu, ya wuce Bakin Birji ya doshi Tanut, in ka tambaye shi me ya gani a wannan ƙasa ta Damargu zai ce maka bai ga komai ba: rairayi ne da ƙaya, da jaki a inuwar aduwa, sai kawalwalniya tana rawa a kan kwalta. Wanda kuma ya bi hanyar nan a ƙarshen Agusta zai rantse maka ƙasar kore ce shar, hatsi ya shanye tsawon mutum, kowane kwari da tabkinsa. In ka haɗa su wuri ɗaya sai sun yi musu har a raba su, alhali babu maƙaryaci a cikinsu. Kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani ranar da ya wuce.

Akwai masu hoto da suka ɗauki raba wannan gardama a matsayin aikinsu, kuma su nake son in yaba. Mai irin wannan aiki yakan zaɓi wuri guda, ya yi ta komawa yana ɗaukarsa daga bazara zuwa damana, daga kaka zuwa ɗari, har rani ya zagayo. Ga mai kallo daga nesa abin kamar rashin aikin yi ne. Sai ka tsaya kusa da shi kake gane yawan sanin da ke ciki, musamman a ƙasa irin ta Gangara, wadda ke kudu maso yammacin Tanut, ta gabas da Belbeji (ban da Gangara ta jihar Maradi, wannan daban ce). Nan ruwan shekara gaba ɗaya yakan tsaya wajen milimita 300, wata shekarar ma bai kai ba, kuma kusan dukansa cikin wata uku yake sauka. Ƙasar da ke shan ruwanta a gurguje haka, a gurguje take sauya kamanni. In ka makara da kwana goma, abin da ka zo ɗauka ya tafi sai baɗi.

Baƙin da suka bar mana labarin Damargu kusan duk ƴan wucewa ne. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya ratsa ta a Janairun 1851, cikin ɗari, bayan an daɗe da kai amfanin gona gida. Tawagar Faransawa ta Foureau da Lamy ta bi ta nan a ƙarshen 1899 da kyamararta, tana saurin isa Damagaram. A 2005 kuma, bayan fari da farmakin fara na 2004, ƴan jarida sun zo daga ko'ina, suka ɗauki yunwa, suka koma. Abin da suka ɗauka ya faru, babu mai musu. Amma mutumin da bai san Damargu ba sai ta waɗannan hotuna, yaya zai yarda cewa ita ce rumbun da ayarin Abzin ke zuwa awo tun kaka da kakanni, su kai hatsinta Bilma su musanya da kantun gishiri da dabino? Hoto guda shaida ne na yini guda, kuma ba a yanke wa ƙasa hukunci da yini guda.

Gwanintar tana farawa tun daga zaɓen matsayi, kuma a nan ake gane wanda ya san ƙasar. Sabon shiga yakan zo cikin rani, ya ga fili fetal, ya kafa ƙafarsa a tsakiyar gona ya ce ya samu wuri. In Agusta ta yi sai ya dawo ya tarar da karan hatsi ya fi shi tsawo, babu abin da kyamara ke gani sai ganye. Gwani tudu yake nema, ko gefen jigawa, inda ko shuka ta kai iya girmanta ido zai haye ta. Sannan yana son abin da ba ya gusawa a cikin hoton, kuma a Damargu babu kamar aduwa: ba ta saurin girma, ba ta saurin mutuwa, ga ta da kamannin da ba a ɓata ta da wata. Ita ce za ta shaida wa mai kallo cewa wurin nan dai shi ne, lokaci ne ya sauya.

Yadda yake gane ainihin inda ya tsaya wancan karo ma abin kallo ne. Taswirar cikin waya takan kuskure da taku biyar ko goma, kuma taku biyar ya isa ya raba hoto da ɗan'uwansa. Saboda haka sai ya jera abu biyu a ido: ya matsa dama, ya matsa hagu, har gindin aduwar ya rufe wani rumbu ko kusurwar wani masallaci da ke can nesa. Da sun hau juna, ya san yana kan layi. Sai ya binne dutse a kan iyakar gona, inda hauya ba za ta tone shi ba. Yana da sanda da ya yanke daidai ƙirjinsa, a kanta yake ɗora waya ko kyamara don tsawon ya zama ɗaya kullum. A aljihunsa kuma akwai hoton farko da ya wanke, ya naɗe a leda, yana dubawa yana daidaita inda sama ta haɗu da ƙasa. Ba ya jawo hoto kusa yau ya tura shi nesa gobe. Yadda ya buɗe ido ranar farko, haka zai buɗe shi har ƙarshe.

Sai maganar fuska. Mafi yawan gwanaye gabas suke fuskanta, su yi ɗauka da yamma, kuma da dalili. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa. In ka ba yamma baya bayan la'asar, rana tana bayanka tana zuba haske a kan gona, hadarin kuma yana gabanka baƙi ƙirin. Bakan gizo ma in zai fito da yamma, ta gabas yake fitowa. Kuɗin da ake biya shi ne iskar hunturu, wadda ke busowa daga arewa maso gabas, ta riƙa watsa maka ƙura a idon kyamara wata uku cur. Gwani ya san da haka, ya kuma yarda ya biya.

Lokacin ɗauka kuwa ba da agogo kaɗai yake auna shi ba. A Gangara yinin Disamba bai fi awa 11 da ƴan mintoci ba, na Yuni kuwa yakan kusa awa 13, don haka ƙarfe biyar na ɗari da ƙarfe biyar na damana haskensu ba ɗaya ba ne. Sai ya ari dabarar malamai ta auna inuwa da tafin ƙafa, inda ake lissafa tsawon mutum ƙafa bakwai. Ya tsaya, ya duba inda inuwar kansa ta ƙare, ya taka. In ta kai ƙafa 21, wato ninki uku na tsawonsa, rana tana da sauran awa ɗaya da minti 20 zuwa 30 ta faɗi, ko wane wata ne. A wannan lokaci haske yana kwance, yana shafar ƙasa ta gefe, sai sawun raƙumi da ramin gafiya da ƴan tuddan da iska ta tara a gindin sabara duk su fito da inuwarsu. Da tsakar rana ba a samun wannan. Sau biyu ma a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, rana takan tsaya daidai tsakar ka a wannan yanki, inuwa ta shige ƙarƙashin mai ita, ƙasa ta zama kamar an goge ta da dutsen guga.

Bazara ita ce jarrabawar farko. Zafi ya haura digiri 40, sama ta yi fari fat, nesa tana rawa. Kyamara in ta ga rairayi mai ƙyalli haka takan tsorata, ta rage haske da kanta, sai hoto ya fito da duhu-duhu kamar an shafa masa toka. Gwani yakan ƙara mata haske kaɗan da hannunsa don rairayi ya fito da farinsa na gaskiya. Yakan lulluɓe ta da farin ƙyalle, domin baƙar kyamara ko waya in ta sha rana sai ta ɗau zafi ta kashe kanta, batirin ma ya zube da wuri. Abin da yake farauta a wannan lokaci alamu ne: tohon da itatuwa ke yi tun ruwa bai sauka ba, guguwa da ke murɗawa a fili, manomin da ya gaji da jira ya fita yin binne, da shamuwa da ta iso ta fara gyaran sheƙa a itacen tsakar gari. Hausawa na cewa watan bakwai maƙarar rani, a lissafin manoma ke nan, amma Damargu takan ƙara jira bayan na kudu sun yi shuka, har ƙarshen Yuni ko cikin Yuli.

Na taɓa zama kusa da wani saurayi mai wannan aiki, a gefen wani ƙauye na ƙasar Gangara, ranar da kowa ke duban gabas. Wani dattijo mai gonar wurin ya zo ya tsuguna kusa da mu yana gyara ƙotar sungumi. Saurayin ya gaishe shi, ya ce, "Baba, yau kuwa za a samu?"

Dattijon bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Ɗana, iska ta ina take taɓa ka?"

"Ta baya, Baba. Ta yamma."

"Tun yaushe?"

"Yau kwana uku."

"To, kar ka tafi. Amma ja zai riga baƙi zuwa. Rufe abin naka."

Haka kuwa aka yi. Can gabas sai ga wani jan bango ya taso daga ƙasa har sama, yana birgima, ranar yamma tana dukansa yana ƙara ja. Tsuntsaye suka yi tsit. Saurayin ya ɗora wayarsa a kan sanda, ya rage haske don kada jan ya wanke, ya ɗauka sau uku, aduwar tana tsaye ƴar mitsitsiya a gaban wannan dodo. Bai ƙara ko ɗaya ba. Ya cusa wayar a leda, ya ƙulle, muka ruga cikin gari. Ko minti biyar ba a yi ba duniya ta yi duhu, yashi yana shiga haƙori, sannan ruwa ya biyo baya da ƙanshin ƙasa. Daga baya ya ce mini rabin aikinsa a bakin tsofaffi yake samunsa, domin shi kyamara ya iya, su kuwa sama suka iya.

Da ruwa ya zauna, sai aiki ya koma na gaggawa. Cikin rani sau ɗaya a wata ya wadatar, amma a damana gwani yakan koma duk mako, ko aƙalla duk mako biyu. Kwana kaɗan bayan shuka, hatsi ya tsiro layi-layi kamar an yi wa ƙasa zane. Ciyawa ta rufe jigawa kamar gashin jariri. Sai noma da hauyar tsaye, mutane a jere suna tura ta gaba. Sai marka, lokacin da sama ke kwana ta tashi a rufe, tabkuna su cika, kwaɗi su hana barci. A nan wayoyin zamani ke da wata cuta: suna ƙara wa kore kore, su ƙara wa shuɗi shuɗi, har Damargu ta koma kamar kurmin kudu. Gwani yakan kashe wannan kwalliya. Koren Damargu mai haske ne, da ɗan rawaya a cikinsa, kuma rairayi yana leƙowa ta tsakanin shuka. In ka rina shi ka yi ƙarya, ko da ƙaryar ta yi kyau. Walƙiya kuwa yana ɗaukarta ne da magariba, daga bakin zaure, ya kafa kyamara a kan ƙafa uku ya bar idonta a buɗe na ƴan daƙiƙoƙi. Ba ya tsayawa a kan tudu ko gindin itace tilo ana tsawa, don babu hoton da ya kai rai.

In Allah ya sa akwai gawo a kwarin da yake ɗauka, to ya samu agogo na biyu mai tafiya da baya. Lokacin da kowane itace ke ado, gawo tsirara yake, rassansa farare kamar ya mutu. Sai an yi girbi, ƙasa ta fara bushewa, shi kuma ya yi ganye shar, ya zuba wa awaki ƴaƴansa cikin rani. A jerin hotuna sai ka ga kore yana sauka daga gawo zuwa gona, yana kuma hawa daga gona zuwa gawo, kamar suna karɓa-karɓa.

Kaka ita ce lokacin da hoto ya fi cika da mutane. Zafin agazari ya gasa zangarniya, an shiga girbi, damma a jere a gona, amalanke da jakuna suna jigila, ana yaɓe rumbu ana yi masa sabon jinka. Ƙarangiya ta bushe tana kama wando, kuma duk mai hoton da ya tsuguna ba tare da ya duba ba zai tuna da ita har dare. Da an kwashe amfani sai garken Fulani da na Buzaye su gangaro daga arewa su shiga karmami. Ƙurar da suke tayarwa da yamma, in rana ta ratsa ta, zinariya ce zalla, kuma a nan kaɗai gwani yakan saɓa wa ƙa'idarsa: bayan ya ɗauki na kullum, sai ya juya ya fuskanci rana ya ɗauki ƙahonin shanu a cikin wannan ƙura.

Daga nan sai ɗari da hazonsa. Yawancin ƙurar nan daga nesa take zuwa, musamman daga kwarin Bodele na arewacin Cadi, busasshen gindin tsohon babban tafki, inda iska ke kwasar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Ranar da hazo ya sauka sosai, rana takan zama kamar farin faranti, inuwa ta ɓace, itatuwa su jeru daki-daki: na kusa baƙi, na tsakiya toka-toka, na nesa kamar tunani. Da yawa sukan ajiye kyamara su ce babu haske. Gwani kuwa ranar yake jira. Sai dai kyamara takan so ta gyara launin da kanta ta mai da shi fari tas, don haka yakan ɗaure mata launi a kan na hasken rana, hazo ya fito da kalarsa ta ƙasa-ƙasa. A nan ni kaina na yi karatu mai tsada. Na ga ƙura a gilashin kyamarata, na kama bakin rawani na murza, ashe yashi nake gogawa. Tun daga ranar duk hoton da na ɗauka ina fuskantar haske sai wani farin zane ya fito a gefe. Wanda ya iya, hurawa yake fara yi, ya kaɗe da burushi mai laushi, sannan ya shafa a hankali, kuma ba ya kwance gilashi a fili ana iska.

Akwai kuma ladabin aikin, wanda in babu shi sauran duk banza ne. Kafin ya binne dutsensa sai ya je gaban maigari ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da ya kawo ni," sannan ya nemi mai gonar. Ba ya ɗaukar mata a bakin rijiya sai da yardarsu. Ba ya nuna kyamara wajen sojoji ko shingen jami'an tsaro. Ya kuma san cewa rumbu sirrin mai gida ne: ɗaukarsa daga nesa ado ne, leƙa cikinsa a watan da hatsi ya ƙare tonon asiri ne.

Mai tambaya zai ce, duk wannan wahala don me? Amsa tana zuwa ne in shekaru sun taru. Masanin nan Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya jera hoton sama na ƙauyen Galma a jihar Tawa na 1975 kusa da na 2003, sai ga itatuwa sun ninka a gonaki, a lokacin da duniya ta gama yarda cewa hamada ce kawai ke cin Nijar. Irin wannan kwatanci ne ya taimaka aka gane cewa manoma, musamman a kudancin Maradi da Damagaram, sun rayar da itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5 ta hanyar barin toho ya girma a gona. Damargu ta fi can arewa, ta fi can ƙishi, labarinta daban ne, kuma tana kusa da iyakar noma da dokar 1961 ta shata tsakanin gona da makiyaya. Tauraron ɗan'adam yana ganin kore da fari daga sama, amma ba ya sanin wace aduwa aka sassabe don awaki, ko wane burtali ne gona ta ci gefensa, ko a wane mako tabki ya ƙafe bana. Wanda ya tsaya a kan dutse guda shekara biyar, shi ke da wannan a hannu, da kwanan wata a bayan kowane hoto.

Saurayin nan da na ba ku labari, da shekara ta zagayo, ya je Damagaram ya wanke hotuna goma sha biyu, ya kawo su ƙauyen. Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar maigari bayan la'asar, ya jera su daga bazara zuwa bazara. Yara suka yi ta ihu suna nuna jakin gidansu. Dattijon nan mai sungumi ya daɗe yana dubawa bai ce uffan ba. Can sai ya ɗora yatsa a kan na watan Oktoba, ya ce, "Ka ga tabkin nan? Da muna yara, sai an sha ɗari ake ganin gindinsa." Ya ja yatsan zuwa gefen hoton, inda wasu ƴan ƙananan itatuwa uku suka fito a gonar maƙwabcinsa, ya ce, "Waɗannan kuma bara babu su. Ya bar su ke nan." Ya miƙe yana kaɗe riga, ya dubi saurayin.

"Ɗana, dutsen naka yana nan, na hana yara taɓa shi. Yaushe za ka dawo?"

"Ran Laraba ta sama, Baba, in Allah ya kai mu. Inuwa na kai ƙafa ashirin da ɗaya za ka gan ni a kan tudu."